Na Sayar da Fuskar Mai Takaba

Ɗis. Ɗis. Ɗis. Ruwa ne yake ɗiga daga rufin ɗakina cikin wata tsohuwar roba da na tara a gefen gado. Da za a tambaye ni inda lalacewata ta faro, wannan ƙarar zan nuna. Bayan la'asar ne, a daminar da kogin Haɗeja ya haura jinga ya cinye shinkafar mutane tun daga bayan gari har can wajen Guri. Kwana huɗu ana ruwa. Na gaji da jin ɗigar nan, na ɗauki wayata don in ɗauke hankalina, sai na ci karo da wata talla.

Bari in fara gaya muku ko ni wace ce kafin wannan rana. Matar aure ce ni, mai 'ya'ya biyu. Na gama sakandare aka yi min aure. Maigidana gyaran injin ban ruwa yake yi wa manoman fadama. Ba mu da yawa, amma ba mu taɓa kwana da yunwa ba. A unguwa an san ni da abu biyu: ba na jin mace ba ta da lafiya ban leƙa ta ba, kuma na iya karatun boko. Duk matar da aka turo wa saƙo ta kasa karantawa, ni take aiko wa. Asabar da Lahadi ina Islamiyyar matan aure, a sahun gaba. Ina faɗa muku wannan ne, ku matasa, don ku san wani ɓarawon da sallama yake shiga gida, har a shimfiɗa masa tabarma.

Tallar ta wani kamfani ce mai manhaja a waya. Suka ce suna neman wakilai mata da za su yi wa waɗanda ambaliya ta shafa rajistar tallafi, kuma kowace wakiliya za a riƙa ba ta ladan aikinta. Na sauke manhajar. Ta tambaye ni izinin ganin hotunana, na ba ta. Ta nemi lambobin da ke wayata, da wurin da nake, da damar jin muryata, duk na ba ta. Daga nan ta kawo wani dogon rubutu da Turanci. Na karanta layi biyu na gaji, na danna inda aka ce na yarda. Ni da nake karanta wa mutane saƙonninsu.

Washegari wani mutum ya kira ni, ya ce sunansa Malam Nura, shi ne shugaban wakilai. Har yau ban taɓa ganin fuskarsa ba. Muryarsa a sanyaye, ba ya ƙare magana bai ce insha Allahu ba.

"Malama, matsalarmu matan kulle," in ji shi. "Namiji ba ya shiga wurinsu. Ku ne idanunmu a cikin gidaje. Aikin lada ne."

Aikin ba wuya. In rubuta sunan mace da lambar katinta na ɗan ƙasa, in ɗauki hoton katin, sannan in ɗauki fuskarta tana motsi. Sai ta ja ɗankwali baya kunnuwa sun fito, ta juya dama, ta juya hagu, ta ƙifta ido, ta yi murmushi. In aka yi daidai, manhajar ta nuna kore.

Da maƙwabciyata na fara, Gwaggo Hajjo, tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli. Katanga ɗaya ce ta raba mu, kuma ita ta yi min wankan jego duka biyun.

"Ke 'yar nan," ta ce tana gyara zama, "tallafi za a ba ni ko miji za a nema min? Wane irin juye-juye ne haka kamar tunkiya a kasuwa?"

Matan gidan suka fashe da dariya. Ta ja ɗankwalin, sai kuma ta tsaya.

"Tsaya tukuna. Wa zai ga kan nan nawa?"

Na riga na yi wa Malam Nura wannan tambayar, sai na maimaita mata amsarsa. "Babu namijin da zai gani, Gwaggo. Inji ne yake dubawa, ya rufe."

Ta yarda. Dukkansu sun yarda. A tunaninmu hoto a cikin waya kamar zane ne a cikin akwati, inda ka ajiye nan yake, sai mai akwatin ya buɗe. Kuma tun da mace ce ta shigo, mace ta ɗauka, ina abin tsoro? A garinmu babu ƙofar da ake rufe wa mace mai hijabi. Da farko ni ma abin da na ɗauka ke nan, Allah ne shaidata.

Na bi unguwarmu gida-gida. Na je makarantar firamaren da aka tsugunar da mutanen ƙauyukan da ruwa ya tasa. Aka turo wa mata biyu ko uku katin waya, labari ya bazu, sai ga mata suna aiko yara in zo. Tallafin kam bai zo ba, amma nawa ladan yana zuwa. Aka canja kwanon rufin ɗakina. Na yi sabuwar atamfa. Aka fara kirana Malama mai rajista, in na shiga gida a tashi a ba ni kujera. Wannan ya fi atamfar yi min daɗi.

Wata na uku, wata matar unguwarmu ta shigo min rai a ɓace. Mijinta ya saya mata waya, ya kai ta a yi mata rajistar layi, aka ce ai akwai layuka da yawa da sunanta. Ita kuwa ba ta taɓa riƙe waya ba. Na ce mata kuskuren inji ne, ta tafi. Tana fita na kira Malam Nura.

Dariya ya yi. Ranar babu insha Allahu.

"Malama, da kina tsammanin don Allah ake biyan ki? Akwai masu buƙatar layi da sunan da ba nasu ba. Mu muna samar musu suna."

Na ce masa na daina, kuma zan kai ƙara.

"To. Duba wayarki."

Hotona ne ya shigo. Wanda na ɗauka a ɗaki ranar da na yi sabon kitso, babu ɗankwali, da rigar da maigidana kaɗai ya san ni da ita. Ban taɓa tura wa kowa ba. A ƙasansa ga lambar surukina, ga ta malaminmu na Islamiyya, ga ta mahaifina.

"Ke kika ba mu izini," ya ce. "Kuma duk fuskar da ta zo mana, da lambarki ta zo. In kin kai ƙara, kanki kika kai. Ki ci gaba da aikinki. Ki fi nemo mana tsofaffi da zawarawa da matan ƙauye, waɗanda ba su da waya. Su babu saƙon da zai same su."

Kwana biyu ina kuka ina istigfari. A rana ta uku na sa hijabina na ɗauki wayar na fita. Zan iya ce muku tsoro ne ya fitar da ni, kuma akwai tsoron. Amma na yi alƙawarin ba zan yi ƙarya a rubutun nan ba. Na ɗanɗana, ban so in koma yadda nake a da ba.

A wannan lokacin ne aka kawo Dije gidan Gwaggo Hajjo. 'Yar ƙanin Gwaggo ce, daga wani ƙauyen masunta a bayan Guri. Ba ta fi shekara ashirin da biyar ba. Mijinta ya fita su, kwale-kwalensa ya kife a cikin ciyawar kacala, sai bayan kwana biyu aka ga gawarsa. Gidansu kuma ruwa ya rushe, don haka aka kawo ta ta yi takaba a ɗakin baya na gidan Gwaggo, ita da 'yarta Kulu mai shekara biyar. Ba ta fita, ba ta shafa mai, ba ta kitso, ba ta ɗaga murya. Kullum da safe nakan kai mata kunu, kuma har ga Allah tausayinta nake ji. Yaya take kirana.

Wata rana tana neman carbinta ta zazzage wata leda, na hango katinta na ɗan ƙasa a cikin takardun mijinta. Ba ta da waya. Ba ta iya karatu ba. Ba za ta taka ƙofar gida ba sai ta cika wata huɗu da kwana goma. Ina riƙe da kwanon kunu, zuciyata tana lissafa waɗannan abubuwa.

Na jira ranar kasuwa, Gwaggo ta fita da ƙuli-ƙulinta. Na shiga na zauna kusa da Dije na yi mata bayanin tallafi.

"Yaya, ina takaba fa," ta ce. "Ko madubi ba na dubawa. Ki bari in fita."

"Ranar Juma'a za a rufe. Ba don ke ba ne, na marayu ne. Kulu fa? Da me za ki ciyar da ita in kin koma?"

Ta dubi yarinyar tana wasa da murfin kwalba a bakin ƙofa. Sannan ta juyo gare ni.

"Babu wanda zai gani?"

"Inji ne."

Daga nan na yi abin da ya fi komai muni. Na san in asiri ya tonu bakinta ne zai kai gare ni, sai na rufe shi tun da wuri. Na ce mata, "Amma ki sani, in dangin mijinki suka ji kin buɗe kai an ɗauke ki hoto a cikin takabar ɗansu, za su ƙwace Kulu. Ni ma Gwaggo ba za ta yafe min ba. Ki rantse ba za ki faɗa wa kowa ni na ɗauke ki ba."

Ta tashi ta yi alwala. Ta ɗauko Alƙur'anin Gwaggo daga kan kantar ɗakin, ta dafa, ta rantse. Ni na riƙa faɗa mata kalmomin tana maimaitawa.

Ta ja mayafin baya. Gashinta a tsefe, leɓenta a bushe. Ta juya dama, ta juya hagu, ta ƙifta ido. Manhajar ta ƙi karɓa, sai an yi murmushi.

"Yi murmushi, Dije."

Ta gwada, bakinta ya yi rawa. Ja ya nuna.

"Ƙara. Buɗe haƙora."

Sai a karo na uku kore ya nuna. Matar da mijinta bai cika wata biyu a ƙasa ba, na sa ta ta yi wa waya murmushi sau uku. Da zan fita ta kama hannuna ta ce, "Allah Ya raya miki naki, Yaya."

Saura kwana goma sha biyu ta fita takaba suka zo. Da hantsi ne, ina shanya. Na ji tsayawar mota da hayaniya, na leƙa. Jami'an tsaro ne daga wata jiha mai nisa, da mace ɗaya a cikinsu. Kafin in ƙarasa ƙofar gidan Gwaggo, maza sun cika layin. Aka fito da Dije cikin kayan takabarta, tana kare ido don ta kwana biyu ba ta ga rana sosai ba.

Babbansu ya ce an sace wani magidanci a can jiharsu, an yi ta kiran iyalinsa ana neman fansa, daga baya aka kashe shi. Layin da aka yi kiran da shi, sunan Dije ne a kai, da adireshin gidan nan.

"Ƙarya ne!" Gwaggo ta ce. "Yarinyar nan ko waya ba ta da ita. Wata uku ke nan ko soro ba ta taka ba. Ku tambayi kowa a unguwar nan. Takaba take yi!"

Mutumin bai yi musu ba. Ya ciro wayarsa ya ɗaga ta sama yadda kowa zai gani. Ga Dije, kai a buɗe, kunnuwa a waje, tana juyawa, tana murmushi. A bayanta ga bangon ɗakin Gwaggo da ƙusar da ake rataya fitila.

Can wani daga baya ya ce, "Ashe takabar ta baki ce." Gwaggo ta zame ta zauna a ƙasa.

"Wa ya ɗauke ki wannan?" jami'in ya tambaya.

Dije ta ɗago ta nemi fuskata a cikin mata. Ta same ni. Ba fushi a idonta, izini take nema. Na kai gefen hijabina bakina, na girgiza kai a hankali.

"Ni ce a hoton," ta ce. "Ba ni da wata magana."

Suka sa ta a mota. Kulu ta bi motar da gudu har bakin titi, wani mai adaidaita sahu ya riƙe ta.

Kun san garinmu. Kafin azahar labari ya kai kasuwar kifi. Kafin sati an ce da ma can ita ke riƙe wa 'yan garkuwa waya. Wasu har suka ce a binciki yadda kwale-kwalen mijin ya kife. Matan da na yi wa rajista sun ga irin juyin nan da idonsu, sun san shi, amma kowace ta ja bakinta, don kowace ta buɗe kanta ba da sanin mijinta ba. Gwaggo kaɗai ta tambaye ni, ranar da ta dawo hayyacinta.

"'Yar nan, irin naki ne fa. Ba ke kika yi mata ba?"

"Haba Gwaggo, mai takaba? Ai wakilai da yawa ne a gari. Wa ya san wanda yake shigo miki gida in kin tafi kasuwa?"

Da wannan maganar na ƙara wa Dije wani laifin, a wurin gwaggonta.

Ni na riƙa yi wa Kulu kitso. In na dafa abinci sai na zuba nata. Mutane suna cewa kun ga mai zuciyar imani, kowa ya guje su ita ba ta guje su ba. Wata rana Gwaggo ta kama kaina tana hawaye ta ce, "Allah Ya saka miki da irin abin da kika yi mana." Na ce amin. Bayan sati biyu na koma aiki, sai dai na canja wuri, na koma ƙauyukan wajen Kaugama inda ba a ji labarin ba.

Wata bakwai Dije ta yi a tsare. Duk tambayar da aka yi mata, amsarta ɗaya. Ba ta da wanda zai gaya mata cewa rantsuwar da aka karɓa da yaudara ba ta ɗaure ta ba. Kuma tana tsoron a ƙwace mata 'ya.

Ba tuba ce ta tona ni ba, kada ku ba ni wannan darajar. Wata safiya manhajar ta daina buɗewa, lambar Malam Nura ta daina shiga. Ashe an kama wasu masu sayar da layuka, an samu taskar bayanan kamfanin a hannunsu. Kowace fuska da lambar wakiliyar da ta ɗauka, da rana, da sa'a, da daidai wurin da aka tsaya. Har muryoyinmu manhajar take naɗa. Da jami'an tsaro suka zo kama ni, maigidana yana soro yana kwance wani inji. A gabansa suka kunna muryar da aka naɗa. Ya ji muryata ina cewa, "Ce na rantse da wanda raina ke hannunSa." Ya goge hannunsa da tsumma, ya dube ni, ya ce wa jami'an, "Ga ta nan." Takardar saki a gidan yari ta same ni.

A kotu mai gabatar da ƙara ya karanta dogon rubutun nan da na danna wa na yarda, aka fassara. A ciki an rubuta ƙarara cewa kamfanin yana da ikon kwasar duk abin da ke wayata, ya kuma ba abokan hulɗarsa. Aka bi adireshin kamfanin aka tarar da wani rufaffen shago. Malam Nura ba a same shi ba, ba a ma san ko sunansa ke nan ba. Ni aka samu, don ni ce mai gida da unguwa da fuskar da aka sani.

Aka shigo da Dije ta ba da shaida. Da ƙyar na gane ta. Ta rame, tana tari, mayafin ya yi mata yawa. Alƙali ya ce ta faɗi wanda ya ɗauke ta hoto. Ta juyo ta dube ni a cikin akwatin masu laifi.

"Yaya," ta ce, "na iya magana yanzu?"

An riga an kunna muryata, kowa a ɗakin ya san ni ce. Ita har lokacin tana riƙe da amanata. Alƙalin ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Na ce, "Faɗi, Dije." Sannan ta faɗa.

Shekara uku aka yanke min. Ba zan cika ku da labarin gabzar da ake ci da kuɗin cizo ba, duk wanda ya shiga ya san su. Abin da ya fi ci min rai shi ne, ko a cikin masu laifi ni ce ta ƙasa. Wata da aka ɗaure kan satar awaki takan ce, "Mu dabbobi muka sata, ke mutane kika sata." In na zo wucewa sai su haɗa baki: "Juya dama! Juya hagu! Yi murmushi, Malama!" Ban taɓa ramawa ba. Gwaggo Hajjo ta rasu ina ciki, ban samu na roƙi gafararta ba. A can na koyi yin sabulu, shi nake sayarwa yanzu a gidan mahaifina. 'Ya'yana suna wurin kakarsu, ina ganin su da Sallah.

Ku 'yan mata da samarin da kuke kwana da waya a hannu, ku saurare ni. Duk manhajar da ta ce kyauta ce, ku tambayi kanku da me take ci. In ta nemi ganin hotunanku alhali aikinta ba na hoto ba ne, ku hana. In rubutun ya yi tsawo, ku nemi wanda zai karanta muku shi har ƙarshe, don a ƙarshen ake ɓoye wuƙar. Kada ku ba kowa lambar katinku ko fuskarku don an ce tallafi, ko da mai karɓar ita ta yi muku wankan jego. Ku kula da iyayenku mata da ke cikin gida, su aka fi hari. Abin da ya shiga waya ba a akwati yake ba, ya fita gari, ba ya kuma dawowa. An ɗaure ni, na gama zamana, amma fuskokin matan da na ɗauka suna can hannun mutanen da ban sani ba. Duk motar da ta tsaya a layinmu sai gabana ya faɗi, ina tunanin wace ce kuma yau. In kuma an ce ku zo ku zama wakilai, ku tuna kamfani ba shi da unguwa. Ranar da abu ya ɓaci, ku za a samu a gida.

Na tuba, ina kuma roƙon Allah Ya karɓa. Amma malamai sun ce haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe. Don haka da ruwa ya ja a bana, na ɗaure sabulu a leda na shiga motar Guri. Daga can na hau acaɓa zuwa bakin ruwa, aka ƙetara da ni a kwale-kwale. Na tambayi wata mata mai bandar kifi gidan Dije.

"Wace Dijen? Ta 'yan garkuwa?" ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Ga shi can ƙarshe, mai dangar kara."

Kotu ta wanke ta tun shekara uku da suka wuce. Takardar kotu ba ta ƙetare ruwa ba.

Na tsaya a ƙofar dangar na yi sallama. Na ji tari daga ciki, ba a amsa ba. Na sake yi. Sai wata yarinya ta fito, doguwa, siririya, da moɗar ruwa a hannu. Kulu ce, ta girma. Ba ta gane ni ba. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar yadda aka koya mata, ta miƙo min ruwan, amma ta tsaya a tsakiyar ƙofar. Na ce mata wurin innarta na zo, daga Haɗeja, magana ɗaya zan yi mata in tafi.

Ta waiga cikin gida, ta sassauta murya.

"Ki yi haƙuri, Baba. Inna ta ce in baƙo namiji ne, in shimfiɗa masa tabarma a waje. In kuwa mace ce mai daɗin sallama, in rufe ƙofa. Ki sha ruwan ki tafi."